Gidan wa zai sauka? Baƙunci da masauki a tarihin ɗaliban Damagaram a ƙasashen waje

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibi bakin mota a Gidimuni ya san tambayar da dattawa suke fara yi, wato: gidan wa zai sauka? Sai an amsa wannan sannan a tambayi irin karatun da yawan shekarun da zai ɗauka. Mu ƴan boko mukan yi murmushi idan muka ji ta, don a ganinmu wanda yake riƙe da takardar karɓa ta jami'a da kuɗin tallafi na gwamnati ya wuce a nema masa gidan sauka. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa dattawan sun fi mu gaskiya, kuma tarihi yana bayansu.

A rubuce-rubucen Faransanci, wahalar sabawa da zaman wata ƙasa akan kira ta adaptation ko choc culturel, a jingina ta ga sanyi da abinci da kewar gida. Waɗannan duka akwai su, kuma za mu taɓo su. Sai dai idan aka jera ɗaliban ƙasar Damagaram da suka fita neman ilimi, daga almajirin gabas har zuwa ɗan jami'ar yau, abin da ya bambanta wanda ya zauna lafiya da wanda ya sha wuya shi ne ko akwai mutumin da ya tsaya masa a can. Misalaina na ɗauko su daga yankinmu, domin shi na fi sani. Gidimuni tana kimanin kilomita 70 gabas da birnin Damagaram, bakin babbar hanyar da ta nufi Gure, gari ne na tafki da garake, kuma tun fil azal yaransa suna fita karatu.

2. Kalmar baƙo

Da yake aikina nazarin harshe ne, zan fara da kalma. Hausa tana da kalma ɗaya, baƙo, a inda Faransanci yake da biyu: étranger, wanda ba ɗan gari ba, da invité, wanda aka gayyata aka karrama. Ga Bahaushe, wanda ya zo daga wani wuri, da zuwansa ya zama wanda ake bin haƙƙinsa, shi ya sa ake cewa baƙonka annabinka. Haƙƙin kuwa yana kan wani mutum sananne, wanda harshen ya ba suna: mai masauki, ko fatoma. Ita fatoma aro ce daga Barbarci, inda fato yake nufin gida, ɗafin -ma kuma yake nuna mai abu. Ba abin mamaki ba ne a same ta a bakin mutanen Damagaram, ƙasar da gidan sarautarta ya fito daga Barebari kuma ta daɗe tana kai gaisuwa Barno.

Émile Benveniste, a littafinsa na 1969 a kan kalmomin al'adun Indo-Turai, ya nuna cewa a tsohon Latin ma kalmar hostis tana nufin baƙon da ake musayar alheri da shi, daga baya ta koma nufin abokin gaba, yayin da hukuma ta karɓe dangantakar da a da take tsakanin mutum da mutum. Wannan sauyi da ya ɗauki Rumawa ƙarnuka, ɗalibinmu yakan tsallaka shi cikin dare ɗaya a jirgin sama: ya tashi yana baƙo, ya sauka yana étranger.

3. Almajirin gabas

Fita neman ilimi ta girmi lakwal nesa ba kusa ba. Malamin tarihin Masar al-Maƙrizi ya ba da labarin makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a shekarun 1240, suka kuma riƙa aiko mata da kuɗi daga baya. Abin lura shi ne tun a wancan zamani abin da mutanen ƙasashen tafkin Cadi suka fara tanadar wa nasu a ƙasar waje shi ne wurin sauka da malamin da zai karɓe su.

A ƙasar Damagaram, hanyar da aka fi bi ita ce ta gabas, wato Barno, don haddar Alƙur'ani, sai kuma Kano da Katsina da Zariya don littattafan fiƙihu da nahawu. Kalmomin wannan karatu su ma suna nuna inda aka samo shi: tsangaya da gwani duka daga Barbarci suke. Yaron da aka fitar daga Gidimuni ba a sake shi haka kawai. Uba yakan damƙa shi hannu da hannu ga malami, malamin ya tafi da shi, a garin da suka sauka kuma malamin yana da nasa mai masauki wanda ya ba shi zaure ko fili. Yaron da kansa yakan samu uwar ɗaki, matar gidan da yake yi wa ɗiban ruwa da itace da aike, ita kuma ta ajiye masa tuwo, ta lura idan ba shi da lafiya, wani lokaci har ta yi masa ɗinkin salla. A bakinta yake koyon harshen gari, da wanda ake durƙusa wa, da unguwar da ba a shiga da dare.

Ba ina ƙawata wannan tsari ba ne. Akwai yunwa a cikinsa, da duka, da ƙazuwa, da yaran da suka tafi ba su komo ba. Halin da bara ta shiga a manyan birane a yau kuwa kowa yana gani. Abin da nake so a riƙe shi ne tsarin dangantakar: a kowane mataki akwai wanda za a iya zuwa a tambaya, ina yaron da aka ba ka? Irin wannan tsari ne Abner Cohen ya bayyana a 1969 game da masu gida na Sabo a Ibadan, waɗanda suke saukar da fataken shanu da goro, su tsaya musu lamuni a kasuwa. Ɗalibi da falke hanya ɗaya suka bi, masauki ɗaya suka sauka.

4. Dorugu

Mutumin ƙasarmu na farko da ya bar mana labarin zaman Turai da bakinsa, cikin Hausa, shi ne Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. An kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka shiga hidimar Heinrich Barth. Tare da shi suka ratso ta Muniyo da Mirya zuwa birnin Damagaram a ƙarshen wannan shekara, suka je har Tumbuktu suka komo, sannan suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a watan Satumba na 1855.

Dorugu ba ɗalibi ba ne a ma'anar yau, amma a can ya koyi karatu da rubutu da Ingilishi, a gidan ɗan mishan James Frederick Schön. Barth ya so a mai da yaran gida, Schön ya riƙe su don aikinsa na Hausa, har abin ya jawo saɓani tsakanin Turawan biyu. Abbega ya koma a 1857, Dorugu kuwa sai a 1864. Daga bakinsa Schön ya samu kaso mai yawa na abin da ya zuba a nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, labarin rayuwarsa kuma ya fito a Magana Hausa a 1885. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da shi cikin Ingilishi da sharhi.

Wanda ya karanta labarin zai ga yaro mai lura, wanda yake kallon liyafar Turawa, yadda ake jera mutane a teburi da yawan kwanoni da tufafin mata, kamar yadda Barth ya kalli fadar Kano. Ba muryar wanda ya ruɗe ba ce. A ganina dalilin a fili yake: tun daga Kukawa har Ingila bai taɓa kwana a inda ba shi da ubangida ba. Amma wannan masauki yana da kuɗinsa, kuma da harshensa ya biya: littattafan suka fito da sunan Schön. Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, a Kano, inda ya rasu a 1912. Mu masu nazarin Hausa har yau muna cin tuwon da ya tuƙa, kuma da wuya a ji an ambace shi a ajinmu.

5. Ƴan lakwal

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka kuma mai da ita hedikwatar yankin daga 1911 zuwa 1926, sai alƙiblar karatu ta juya. Kano tana ƙasa da kilomita 250 daga birnin Damagaram, Yamai kuwa kusan 900, amma ɗan lakwal yamma ya nufa. Wanda ya yi fice a makarantar gari a kai shi Yamai, inda ya fara zama baƙo tun bai bar ƙasarsa ba, cikin masu jin Zabarmanci; wanda ya yi fice a Yamai a tura shi makarantar William Ponty ta Senegal, wadda take tsibirin Gore daga 1913, aka mai da ita Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Ta nan Bubu Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka bi.

A nan ne hukuma ta zama mai masauki. Ta ba da gado da abinci da tufafi da kuɗin mota, a madadin alkawarin yi mata aiki shekara 10. Ta fuskar ciki, ɗan Ponti ya fi almajiri jin daɗi ƙwarai. Sai dai wannan mai masauki ba ya gabatar da baƙonsa ga gari. Katanga yake yi tsakaninsu. Tun daga ƙaramar makaranta ana hukunta yaro da symbole idan ya yi harshen uwarsa, a Ponti kuma abin da ake so ya sani game da gida shi ne abin da zai rubuta wa malamansa cikin Faransanci a aikin hutu, waɗannan littattafan da suke ajiye a IFAN ta Dakar. Shi ma Diori ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Faris, ga Faransawan da ake shirya wa aikin mulkin mallaka. Ke nan aikin Dorugu bai ƙare da Dorugu ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofar jami'o'in Faransa ta buɗe kaɗan. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992. An haife shi a Tasawa a 1929, ya bi ta Ponti da Dakar zuwa Faris, ya ci jarrabawar agrégation ta fiziya a 1956. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, tarayyar ɗaliban baƙar Afirka a Faransa, a 1950. An fi tuna FEANF da siyasarta ta neman ƴanci, kuma daidai ne. Amma aikin yau da kullum na ƙungiyoyin ɗalibai da suke ƙarƙashinta shi ne tarbar sabon zuwa a tasha, da neman masa ɗaki a garin da masu gidaje da yawa ba sa son ba baƙar fata haya, da bin kuɗin tallafin da ya makara. Gidan ɗaliban ƙasashen mallaka da aka buɗe a Cité universitaire ta Faris a 1951 bai isa kowa ba. Wato ɗaliban sun sake gina fatoma da hannunsu, suka ba shi shugaba da ma'aji da katin shiga. Ina ganin a irin wannan zama ne, na mutanen da aka raba da harsunansu suka haɗu a ɗaki ɗaya, tunanin da Abdu Mumuni ya zuba a L'Éducation en Afrique a 1964, na koyar da yara cikin harsunan Afirka, ya nuna.

Wata hanyar ita ce ta ƙasashen gurguzu. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, matasa da yawa, ciki har da na yankin Damagaram inda jam'iyyar take da ƙarfi, sun tafi karatu Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai, kamar yadda Klaas van Walraven ya bi diddigi a littafinsa na 2013. A can akan ba sabon zuwa shekara guda ta koyon harshe kafin ya shiga karatun sosai. Su wahalarsu ta fi yawa a komowa, domin gwamnatin gida kallon ƴan adawa take yi musu.

Har zuwa 1971, lokacin da aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, duk wanda ya ci bakaloreya dole ya fita. Waɗanda suke Dakar a watan Mayu na 1968 sun ga iyakar masaukin hukuma: yajin aiki ya tashi a kan rage kuɗin tallafi, aka shiga jami'a da ƙarfi, aka kwashe ɗaliban sauran ƙasashe aka mai da su gida. Waɗanda suke Faransa a Janairun 1994 sun kwanta faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, suka tashi yana 100, duk abin da iyaye suke aikowa ya rabu biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar biza, ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Fatoma na mutum yakan yi fushi da baƙonsa a kan laifin baƙon. Na hukuma yana korarsa a kan rigimar da ba shi ya tayar ba.

6. Takarda a madadin mutum

A nan zan nemi izinin mai karatu in kawo abin da ya same ni, tunda shaidar baki ma tushen tarihi ce. Na sauka a wani gari na Faransa da kaka, don karatun digirin dakta. Sanyin bai ba ni tsoro ba, riga ce maganinsa. Tuwo ma an samu dabara, da garin semoule, kuka da kuɓewa busassa kuma duk wanda ya je Faris yakan sayo mana a kasuwar Château-Rouge. Azumin 2014, da ya faɗo ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ya kai wajen awa 18, ga mutumin da a garinsu yini bai taɓa wuce awa 13 ba. Shi ma an yi shi. Gaisuwa ta fi waɗannan ciwo. Na yi watanni ina ɗaukan maƙwabcina mai girman kai ne, don ina faɗin bonjour yana faɗin bonjour ya wuce, ba lafiya, ba gajiya, ba iyali. Ashe a wurinsa an gama gaisuwa ke nan. Haka kuma da wani abokin karatu ya ce in zo gidansa duk lokacin da na so, na ɗauki maganar yadda take, na je ranar Lahadi ba sanarwa. Fuskar da ya buɗe ƙofa da ita ta koya mini abin da darasin pragmatique na shekara guda bai koya mini ba.

Amma abin da ya kusa komar da ni gida shi ne takardu. Mai haya yana son garant, wato mazaunin Faransa mai albashi da zai sa hannu cewa idan na kasa biya shi zai biya. Banki yana son shaidar wurin zama kafin ya buɗe mini asusu. Mai haya yana son asusun banki. Ofishin takardar zama yana son duka biyun. Na yi mako uku ina kwana a ƙasan ɗakin wani ɗalibi, ina zagaya wannan da'ira. Abin da ya ba ni haushi daga baya, da na samu natsuwar yin tunani, shi ne garant ɗin nan fatoma ne sak, mai tsaya wa baƙo lamuni. Tsarin yana buƙatarsa kamar yadda kasuwar Sabo take buƙatarsa, sai dai babu wanda aka ɗora wa nauyin zama shi.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne ɗan ƙasar Damagaram, tsohon ma'aikacin masana'anta, da kawuna ya samo lambarsa ta hannun wani direba. Na je da jakar takarduna, bai buɗe ta ba. Ya tambaye ni sunan mahaifina da unguwarmu, ya tambayi ko tafki ya cika bana, sannan ya ce: «Ɗana, ina ne zan sa hannun?» Na ce: «Baba, ba ka duba adadin kuɗin ba.» Ya ce idan na gudu ya san gidan da zai aika. Shekara biyar ina cin tuwon gidansa ranar Juma'a, ina cika masa takardun fansho da na asibiti, ina duba aikin makarantar jikokinsa. Sai da na komo na gane cewa aikin almajiri na yi wa uwar ɗaki, da alƙalami a madadin tulu.

Tun 2016 Faransa tana da wani tsari mai suna Visale, wanda yake tsaya wa mai haya lamuni kyauta, kuma a 2018 aka faɗaɗa shi ga ɗalibai. Ya warware matsalar sa hannu, kuma da ya zo da wuri da ya rage mini mako uku na kwanan ƙasa. Tuwon Juma'a da bayanin abin da ake nufi da «zo duk lokacin da ka so» ba sa cikin abin da yake bayarwa.

Yanzu hanyoyin sun yawaita. Damagaram tana da jami'arta tun 2010, wadda aka sa wa sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin sarautarta bayan karatunsa a Tuluz. Masu fita kuma suna nufar Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Masar da Najeriya, ƴan Najeriya su ma suna zuwa karatu Maraɗi. A hutun da ya wuce wani maƙwabcinmu a Gidimuni, da ɗansa ya samu gurbin karatu a Maroko, ya same ni a ƙofar gida da tambayar nan. Na ce masa akwai ɗakin kwanan ɗalibai, akwai kuma zauren WhatsApp na ƴan Nijar da suke can. Ya ce ai zaure ba shi da suna, shi mutum yake so. Na ba shi lambar wani tsohon ɗalibin sashenmu da yake karatu a Fas. Ya kira shi a gabana, suka gaisa har katinsa ya kusa ƙarewa, ya ce: «To, ga ƙanenka nan, amana ce.» Ranar tafiya, cikin kilo 23 da jirgi ya yarda wa yaron, uban ya ware biyar na dabino da kuka da yaji, ya ɗaure su daban, ya sa aka rubuta sunan mai masaukin a jikin ƙunshin.